Fatalwar da Bakinta Ba Ya Hayaƙi

Ina ɗan shekara bakwai na ƙi yarda in bi doguwar barandar simintin da ke kai mu gida a unguwar Thamesmead ta London. Yaran makaranta sun rantse mini akwai ghost a wurin. Kullum sai an ja ni kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Cikin sanyin shekarar ne Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano. Da ta rasa murhu sai ta rungumi hita. Bayan magariba ta tisa ta a gaba, ta miƙe ƙafafu cikin safa bibbiyu, mu kewaye ta.

"Wai mene ne gos ɗin nan da ya hana maigidana sakat?" ta tambayi Baba.

Baba ɗan jarida ne, ba a tambayarsa a tsira da gajeriyar amsa. Ya ce fatalwa ce, amma a tsohon Turanci kalmar tana nufin rai ko numfashi, daga baya aka laƙaba wa mamacin da ya fito yawo.

Kaka ta ja tsaki. "Numfashi? Ina fatalwa ta ga numfashi?"

Nan take ta ƙaga mana labarin wata fatalwar Kano da ta biyo jirgi zuwa London neman suna. Ta saje da mutane a tashar bas, tana shirin razana su. Ashe sanyi ya sa bakin kowa na fitar da hayaƙi, ban da nata. Wata tsohuwa ta ƙare mata kallo ta ce, "Baiwar Allah, hura mu gani." Kunya ta kama fatalwa, ta bi jirgin yamma ta koma.

"Duk wanda ka ga bakinsa na hayaƙi ɗan'uwanka ne, maigida. Gaishe shi ka wuce."

Washegari na tare maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Ghana, na ce ya hura. Ya hura, ya ce, "Yaro, kai likita ne?" Ranar ni kaɗai na ƙetare barandar.

Da zafi ya shigo, hayaƙi ya ɓace daga bakin kowa, na rugo gida a firgice, wai kowa ya zama fatalwa.

"Da zafi fatalwa hutu take tafiya," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Yanzu Kaka ta daɗe da rasuwa. Ita ta koya mini in dubi mutum kafin in guje shi. Har yau in na bi barandar da sanyin safiya nakan duba bakunan mutane, amma ba don tsoro ba. Kewarta nake yi. Da zan haɗu da tsohuwa mai safa bibbiyu wadda bakinta ba ya hayaƙi, wallahi ba zan ce ta hura ba.