Tukunyar Gas a But ɗin Ɗantala

A tashar Magama ta Jibiya, daf da iyakar Nijar, akwai wani direba da ake kira Ɗantala. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, hularsa ta sha gumi har ta sake launi. Yana jingine da tsohuwar motarsa yana sakace haƙori, ba ya ƙwala wa fasinja kira kamar sauran.

Ga wata 'yar kasuwa daga Maraɗi ta iso da buhu uku na aya. "Malam direba, buɗe but."

Ya buɗe a hankali, kamar mai yaye mayafin gawa. Farar tukunyar gas ce kwance, ta cinye wurin kakaf. Bara gwamnati ta ɗaura masa ita a birni, kyauta, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka ce ya yi bankwana da tsadar fetur. Da ganinsa shi ya fara shiga layi, wataƙila har da yi wa abokan sana'a dariya. Ba wanda ya tuna masa cewa duk Jibiya babu inda ake ɗura gas ɗin.

"To, ina za ni sa kayana?"

Ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa. Fayau take.

"Hajiya, fasinjar gwamnati ce. Kullum da ita nike tahiya, ba ta taɓa biyana ko sisi ba."

Hajiya ta sa aka kwashi buhunanta zuwa motar gaba. Shi kuwa ya rufe but, ya ɗauki galan, ya nufi wajen 'yan bumburutu sayen fetur ɗin da ya yi bankwana da shi.