'Yar Fatoma a Taman Melati

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Isiyaku, wanda 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau suka fi sani da Baban Baƙi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Sakandare na gama aka yi min aure, na biyo maigidana nan Kuala Lumpur inda yake karatun digiri na uku, muka zauna a unguwar Taman Melati. Amma abin da ya faru a gidana bana ya hana ni yin shiru.

Baba fatoma ne. Shi ke saukar fatake, ya ba su wurin kwana da abinci, ya haɗa su da masu saye. Mutanen Maraɗi, Damagaram, Chadi, har da na Gana, duk a zaurenmu suke sauka. Kuma ba zan ɓoye ba, ina yarinya na tsani wannan sana'a, don ni ke wanke kwanukan mutanen da ko sunana ba su sani ba. Na taɓa ce masa, "Wai Baba, gidanmu tasha ce?" Ya dube ni ya ce, "Balaraba, rage baki ki ƙara sabulu."

Tun bara da aka rufe iyakokin Najeriya, ɗalibanmu na nan ba su da hira a guruf ɗinsu na waya sai wannan. Maigidana, Abban Hanifa, shi ne kan gaba. Cewa yake a bar iyakar a rufe, mu ma fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma gaba ɗaya, yadda Ingila ta bar ta Turai, duk mai son shigowa ya nemi biza. Ba zan ce ba shi da hujja ba. Ɗan manoman shinkafa ne daga Kura, ya ga mahaifinsa zaune kan buhuna babu mai tayawa saboda ta waje ta cika kasuwa. Baba ma da yana raye zai tausaya wa manoman nan, don da su yake hulɗa. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji a ce mutumin Maraɗi sai da biza zai zo Kano.

Sai annoba ta zo. Aka kulle gari, jirage suka daina tashi. Bayan an ɗan sassauta, wani mai kedai, wato shago, a titin Jalan Masjid India, inda nake sarin hijabai ina aikawa gida, ya kira ni da hantsi. Ya ce ga wata dattijuwa mai irin yarenmu zaune a ƙofarsa da ƙunshin kaya uku, otal ɗin da take ciki an rufe. Ya miƙa mata wayar.

"Ɗiyata, ni Hajiya Rakiya ce daga Maraɗi. Sari na zo, hanya ta ruhe. Ban san mi zan yi ba."

Izinin zamanta na wata ɗaya ne, kuma ya ƙare tuni. Ba ta ma san ya ƙare ba. A zatonta tun da ba ita ta hana jirgi tashi ba, babu mai tambayarta takarda.

Na gaya wa Abban Hanifa. Ya ajiye biro.

"Balaraba, kin san me kike cewa? Saura wata takwas in gama. A kama mai takardar da ta mutu a gidana, bizata ce za ta tafi. Shekara huɗu a banza."

"To a ina za ta kwana? A bakin kedai?"

Ya yi ta zagaye falo. Can ya ce, "Shi ke nan. Ki shigo da ita ta wajen ajiye motoci kada mai gadi ya gani. Kwana biyu, kada kowa ya ji."

A nan ne Baba ya faɗo min a rai. Bai taɓa ɓoye baƙo ba. Kafin baƙo ya kwance kayansa, Baba zai sa shi gaba zuwa wajen mai unguwa ya ce, "Wannan baƙona ne. Duk abin da ya yi, ni za a tambaya." Da ina ganin neman suna ne. Ranar nan na gane abin da yake yi: baƙon da aka ɓoye ya zama ɓarawo tun bai ɗauki komai ba, kuma mai gidan ma ya zama abokin sata.

Na ce, "Ba zan shigo da sa'ar uwata kamar shinkafar fasa-ƙwauri ba. Ta ƙofa za ta shigo, ka rubuta sunanta a wajen mai gadi, gobe ka kai ta ofishin shige-da-fice ka ce baƙuwarka ce."

"In sun riƙe mu duka fa?"

"Ka gwammace su zo su same ta a bayan labule?"

Sunansa ne a takardar haya, bizata ma a kan tasa take rataye, don haka sa hannuna ba ya amfanin komai. Nasa ake bukata. Aka kira azahar, ya tayar da salla. Da ya idar ya sa takunkumi ya ce, "Ke dai jinin Alhaji ce. Taso."

Mai gadinmu ɗan Nepal ne, shi ma baƙo. Ya auna zafin goshin Hajiya, ya kira ofishin masu kula da bene, ya dawo ya ce, "Boleh, boleh," wato an yarda ta shiga. Washegari Abban Hanifa ya yini a layi tare da ita. Na zauna a gida da 'yarmu Hanifa muna jiransu. Da la'asar suka dawo da takardar izini ta musamman, da sunansa da lambar fasfonsa a jiki a matsayin mai masauki. Sai da ya koma sau biyu ana sabunta ta. Tasa bizar kuma aka sabunta babu wanda ya ce masa uffan.

Wata uku Hajiya ta yi a ɗakin Hanifa. Kada ku ɗauka na zama waliyyiya. Tana minshari, tana gyara min miya ba tare da na tambaye ta ba, tana ce wa Hanifa "Baturiya" don tana amsa mata da Turanci. Ita da Abban Hanifa kullum gardama a kan tabarmar cin abinci. Ya ce a fice daga ƙungiya, ta ce, "Ɗana, waken da kuke ƙosai da shi a Kano, daga ina ka ji yana hitowa?" Har ta tafi babu wanda ya kayar da wani. Har yau yana nan a kan ra'ayinsa game da shinkafa. Maganar biza ga mutanen Nijar ce dai ban ƙara jin ta a bakinsa ba.

Ni ban san ko ya kamata mu fice ko mu zauna ba. Masu digiri su ƙarasa gardamarsu. Abin da na sani, a ƙasar nan ni ma takarda ɗaya ce tsakanina da bakin titi.

Ranar da jirgin Hajiya ya tashi zuwa Yamai na kira Inna a Kano. Na ce mata na ji kunyar kaina, don ƙirga kwanakin matar nan nake yi, ba kamar Baba ba da yake son baƙi. Inna ta yi dariya har da tari.

"Wa ya ce miki yana jin daɗinsu? Sau nawa zai shigo ɗaki yana tsaki, ya ce mutanen nan sun ishe shi, sannan ya wanke fuska ya ɗauki kwanon tuwo ya kai musu da kansa?"

Shekara shida ina zaton ban gaji komai daga gare shi ba, tunda ba ni da haƙurinsa. Ashe shi ma ba haƙurin ne ya yi masa yawa ba. Yana tsakin, yana buɗe ƙofar. Wannan kam zan iya. Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi baƙuncinsa.