Ƙofofin Kabad ɗin Inna

A shekarar da motoci suka koma tuƙin hannun dama, ranar wata kasuwar Gaya bayan an gama roron gyaɗa, Baba ya shigo gidanmu na Toranke da jaki ɗauke da wani faffaɗan allo mai ruwan ƙasa. Irin wanda ake matse garin katako a yi ne, mu silin muke ce masa. Inna ta ajiye muciya ta tsaya tana kallo, domin ba wannan ta aika a sayo ba. Gara ta cinye ƙofofin kabad ɗin da take jera kwanukanta na aure, kaji har ƙwai suke sakawa a ciki, ga Sallah ta matso, mata za su shigo ganin ɗaki. Ita ƙofofi haɗaɗɗu take so daga wurin wani kafinta a Gaya, masu santsi da madubi. Baba ya ce, "Hannun da ya gina rumbu ba zai gaza da ƙofar kabad ba."

Washegari tsakar gida ta koma shagon kafinta. An aro zarto a maƙwabta, Baba ya yi awo da karan dawa, ya zana layi da gawayi. Allon ya yi ta zubar da gari kamar dussa, awaki na sunsuna suna atishawa. Da aka rasa ƙarfen maƙalawa, sai ya yanko tsohuwar fatar guga ya buga da ƙusa. Ko da aka ɗora ƙofofin, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta hagun kuma da an rufe ta sai ta buɗe kanta a hankali kamar mai leƙen baƙi. Inna ta yi dariya har da hawaye, amma na lura ta juya baya.

Ni ce na roƙa a bar mini fenti, don a makaranta an san ni da zane. Na shafe ƙofofin da kore, na zana furanni jajaye a daidai inda zarton ya karkace. Ranar Sallah Goggo Hajara, yayar Baba, wadda ba ta cika yabon abu ba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya ko daga Kano aka kawo. Inna ta jingina da ƙofar hagun don kada ta tona asiri, ta ce, "Malam ne da 'yarsa."

Yanzu a Kano nake. Ƙofofin kicin ɗina na saye ne, daidai wa daida, ba sa ƙara, ba sa karkata, jikokina kuma ba su taɓa riƙe zarto ba. Ina goge su kullum, amma ban san hannun wanda ya yanka su ba.