Bakin Tekun Masu Tsiraici da Wayar da Na Yi wa Ummi

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara kawo ƙara ba, mijina ya dawo daga aiki wata rana da la'asar, ya ajiye fasfo biyu a gabana ya ce in shirya, za mu hutu wani tsibiri a Turai. Shekararmu goma sha huɗu da aure a lokacin, kuma iyakar yawonmu Ɗa'ifa da Madina. Shi ma'aikacin fitar da kaya ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai shiru-shiru, wanda sai ka yi da gaske kafin ka ji cikinsa. Ni kuwa atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Bab Makka a nan Jidda, sana'ar da ta koya mini in sake gwada yadi ko da mai kawo kayan ya rantse da Allah. Wannan halin na kwaso na kawo gida, ba na musu.

Saura mako guda mu tashi, na ɗauki wayarsa don in ga hoton otal ɗin. Sai na tarar da wasu shafuka a buɗe, duk da Turanci, ga taswirar tsibirin da jajayen ɗigo a gefen ruwa. Turancina bai wuce na ciniki ba, don haka na danna fassara zuwa Larabci. Abin da ya fito ya sa na zauna ba shiri. Jerin bakin teku ne na mutanen da ke shan rana tsirara, maza da mata, yadda uwarsu ta haife su. Har da bayanin wanne ya fi ɓuya, wanne sai an taka da ƙafa kafin a kai, wanne aka hana ɗaukar hoto. Guda uku ya ware ya adana.

Na mayar da wayar inda na ɗauke ta. Na zuba masa abinci, na zuba masa ido. Idan ya yi murmushi shi kaɗai, in ce a raina lallai, an tuno. Idan ya ce yana ɗokin tafiyar, in ce ai dole. Har sabon tabarau da ya saya a unguwar Aziziyya sai da na samo masa manufa.

Muka isa tsibirin. Wuri ne mai kyau, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba, amma ni ban ga komai ba sai mijina. Tun washegari ya fito da wani sabon salo: da mun idar da sallar asuba sai ya ɗauki mukullin motar haya ya ce zai ɗan taka, in koma in huta. Sai da hantsi ya dawo, da yashi a takalmi. Kwana uku a jere yana haka. A na ukun yana wanka na laluba aljihun wandonsa, na ciro takardar otal a ninke. Sunayen nan uku ne da rubutun hannunsa, kowanne da lokaci a gabansa. Na farko bakwai da kwata, ya soke shi. Na biyu takwas saura, shi ma ya soke. Na ukun tara saura kwata, ya kewaye shi har sau biyu.

Wato har lokacin fitowar masu tsiraicin yake rubutawa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba, kuma kunya ta fi fushin yawa. Da ya fita sayo burodi na kira mahaifiyata a unguwar Mahjar.

“Ummi, mutumin nan ba shi ne wanda muka sani ba.”

“Esh fi? Me ya faru? Dukanki ya yi?”

“Ina ma dukan ne.”

Na zayyane mata komai, har da tabarau. Ta yi salati ta sake yi. “Aib, wallahi aib! Mai sahun farko a masallaci? Ke 'yar nan, kama bakinki, ki riƙe fasfonki a jikinki, ki dawo gida tukuna.”

“Ummi, tsakanina da ke ne fa.”

“To wa zan gaya wa?”

Washegari bayan asuba bai fita shi kaɗai ba. Ya tsaya a kaina ya ce, “Yalla, ya bintin nas, 'yar mutanen kirki, tashi mu je. Sa doguwar rigarki mai duhu da wando a ciki, ki ɗauko tawul.” Na tashi na shirya ba don biyayya ba, sai don in kama shi dumu-dumu. Muka yi tafiyar kusan rabin awa, ya tsaya a wani fili a kan tudu, babu mota ko ɗaya. A bakin wata siririyar hanya ga allo da sunan nan na uku, da wani zane da ba sai an fassara mini ba.

Na ce, “Na san inda ka kawo ni. Na ga wayarka, na ga takardarka. Ka ji tsoron Allah, da furfurarka.”

Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Can ya ce, “Sauka ki duba tukuna, sai ki ƙarasa.”

Na gangara ina tafasa. Duwatsu ne suka kewaye wani ɗan lungu na farin yashi, ruwan garau har kana hango ƙasansa, kuma babu kowa. Babu mai shago, babu mai kwale-kwale, babu gidan da tagarsa ke kallon wurin. Sai shi da ya biyo ni ya tsaya nesa kaɗan, yana magana yana kallon ƙafarsa.

Ya ce shekarar da muka yi aure, muna zaune a Kornish, bakin tekun Jidda, na taɓa ce masa an haife ni a bakin teku amma ruwan bai taɓa wuce idon sawuna ba, kuma ina son wata rana in shiga har wuya ba tare da idon kowa a kaina ba. Ni wallahi na manta na faɗa. Ya ce ya duba tsibirin kaf, duk inda yake da sauƙin zuwa cike yake da jama'a tun sassafe, kowa da waya a hannu. Wuraren da suka ɓuya da gaske, waɗanda ba a ɗaukar hoto, na mutanen nan ne. “Su kuma rana suke bi,” in ji shi. “Ba rana, ba su. Shi ne nake zama a mota a sama, da motar farko ta iso in rubuta lokaci in juya. Nan dutse ke tare rana, shi ya sa ba sa zuwa da wuri. Kina da awa biyu.”

Na ce, “Me ya hana ka gaya mini?”

“Da na gaya miki sunan wurin, za ki zo?”

Ba zan zo ba. Amma da yake hali ba ya barin mutum, sai da na tambaye shi ko bai ga komai ba duk kwanakin nan. Ya ce sau ɗaya, wani tsoho mai tumbi ya riga shi sauka, kuma har yanzu yana istigfari.

Ya koma sama bakin hanya ya tsaya, ya ba teku baya. Ni kuma na shiga da rigata da ɗankwalina. Sanyin ya kama ni a gwiwa, ya hau ƙugu, ya hau ƙirji, har ya kai wuya. Mace mai jiki irina, sai ga ruwa ya ɗauke ni kamar ba ni da nauyi. Na yi dariya ni kaɗai, na sha gishiri, na yi tari, na yi kuka. Rabin kukan daɗi ne, rabin kuwa na wayar da na yi wa Ummi jiya ne.

Ina cikin ruwa wata mota ta iso kafin lokacinta. Wani dattijo da matarsa ne, da kayansu a jiki tukuna. Ina hango mijina ya tare su yana bayani da hannu da Turancinsa na tashar jirgi. Sai suka zauna a kan dutse, suka juya baya su ma, suka buɗe fulas ɗin kofi. Da na hauro ina ɗigar ruwa, matar ta yi mini murmushi ta ce wani abu da ban gane ba, na mayar mata da murmushin.

Ranar da muka sauka Jidda, ko akwati ban kwance ba na tafi Mahjar na warware wa Ummi komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta taɓe baki. “Ke dai kin yarda? Shi ya ce miki a mota yake zama, ko kin gani da idonki?” Nan na ji muryata ce ke fitowa daga bakinta. Na roƙe ta ta bar maganar. Ta ce ai ta bari, Kawu kawai ta gaya wa don ya sa mu a addu'a, sai kuma yayata, tunda ita ba bare ba ce.

Da sallah ta zo muka taru gidan Kawu, yayan mahaifiyata. Bayan an ci abinci, a gaban surukai da 'ya'ya, Kawu ya gyara zama ya fara nasiha a kan runtse ido da fitinar ƙasashen waje, kuma duk tsawon maganar mutum ɗaya yake kallo. Mijina ya sunkuyar da kai har aka gama, ya ce, “Na gode, Kawu. A ci gaba da sa mu a addu'a.”

A mota na ce, “Ni ce. Ni na kira Ummi, kafin ka kai ni wurin.”

Ya ce, “Na gane.” Muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, “Ruwan ya yi miki daɗi?”

Na ce ya yi.

“To halas, shi ke nan.”

Bai sake tayar da zancen ba har yau, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Zargin da na yi ni kaɗai, awa biyu a ruwa suka wanke shi. Wanda na ba wani ajiya kuwa, na bi gida gida na nemi a dawo mini da shi, kowa ya ce ya ji, amma ba wanda ya mayar. Yanzu idan abu ya tsaya mini a rai game da mijina, shi nake fara tambaya.

A da shi ke ɗauko 'yan matan yayata daga makaranta duk ranar Alhamis, saboda hanyarsa ce. Tun daga shekarar nan yayata ta ce ta samo musu direba, kada a wahalar da shi. Babbar 'yarta ta yi aure bara, an ba kowane kawu da baffa aikin da zai yi a bikin, shi aka ce ya zo ya ci abinci kawai. Ya sa farar jallabiyarsa ya je, ya zauna a kujerar baya, ya yi wa amarya addu'a. Ni ina ɓangaren mata ana ta yaba mini leshin da na kawo, hankalina kuwa na can kujerar baya.