Laulayin da Ba na Ciki Ba

Ranar wata Laraba ce, farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu, na ga Inna ta ɗaga hannu ta dafe tulu. Muna dawowa daga rijiya ta siririyar hanyar da ta ratsa duwatsu a bayan ƙauyenmu, kusa da Roni, tana gaba, ina biye da ɗan bokitina. A garinmu yara ne ke riƙe tulu. Mace in ta isa mace, da ta naɗa gammo ta ɗora, hannuwanta nata ne, mahaifiyata kuwa da ita ake yi wa 'yan mata kwatance. Na sha ganinta da tulu a ka tana gyara ɗaurin zane, ko ɗigo bai zuba ba. Ran nan sai ga ta tana tafe ƙafafu a warware, tana karkata hagu kamar ana jan ta da igiya. Ta juyo ta ga na gani. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, don haka iyakar abin da ta ce shi ne, "Ke, dubi gabanki."

Ba a jima ba amai ya fara. Kullum da sassafe, kafin a hura wuta, sai mu jiyo ta a bayan rumbu. Kakata Tabawa, mahaifiyar Baba, wadda ko ƙwayar gero kaza ta sata sai ta sani, ta kasa kunne 'yan kwanaki, sai muka ga tana murmushi ita kaɗai. Tun da aka haife ni Inna ba ta sake ko ɓatan wata ba. Amai da safe, ga jiri, ga kasala, a jikin matar aure kuwa, kowa ya san sunansa. Amma ba a faɗa. A gidanmu ba a ambaton ciki sai ya fito da kansa: suruka ba ta tambaya, miji ba ya tambaya, mai shi kuma ba ta buɗe baki. Tabawa ta karɓe daka, ta sa ana tsinko yakuwa. Baba ya dawo daga kasuwar Kazaure da ɗan rago a kan babur, ya ɗaure a gindin darbejiya, bai ce don me ba. Ni ke kai masa dusa, ina cika wa ƙawayena baki na kusa samun ɗan goyo.

A filin makaranta muna wasan hajijiya, mu ware hannuwa mu yi ta juyi har ƙasa ta karkace, mu zube muna dariya. Wata rana na yi a tsakar gida, na tashi ina tangaɗi, na ce, "Inna, duba, irin tafiyarki." Tana tsaye ta dafa turmi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Naki yana wucewa." Na ji tsoro a ranar, ban kuma san abin da nake tsoro ba.

Gero ya fitar da kai, ya nuna, aka yanke. Rago ya cika ya yi wuya, zanen Inna kuwa kullum ƙara zagaye ƙugunta yake. In ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi sai ta wuce shi, hannun yana rawa. In ta ɗago daga ruku'u sai ta nemi bango, har ta koma salla a zaune. Maganarta ta fara jan ƙafa. Da ta yi kukan ciwon ƙeya aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho a wurin. Tabawa ta ce, "Wani cikin haka yake zuwa, a baya yake kwanciya. Namiji ne." Daga baya ƙanwar Inna ta gaya mini cewa tun farko Inna ta san ba ciki ba ne, tana ganin al'adarta. To, da wane baki za ta faɗa wa surukar da ta karɓe mata taɓarya?

Sai da ta faɗi a bakin murhu, wuta ta kama gefen zanenta, aka sayar da ragon aka kai ta asibiti a Kazaure, daga can aka tura su Kano. Bayanin da likita ya yi wa Baba sai da na girma na gane shi. A ƙasan ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton jiki. Can cikin kunne akwai 'yan bututu masu ruwa, duk motsin kai sai ruwan ya motsa, jijiya ta kai mata labari. Ido yana aika nasa, tafin ƙafa da gaɓoɓi da wuya suna aika nasu. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ce ke haɗa su ta auna, ta gyara tsokoki tun mutum bai san ya karkata ba. A hajijiya ruwan kunne ne ke ci gaba da juyi bayan an tsaya, ya lafa. Ita Inna saƙonnin suna isa lafiya, mai karɓarsu ce wani ƙari ya danne, ya kuma riga ya girma. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Yanzu akwai ɗan asibiti a bakin titinmu. Amare kan hau babur su je awo, su dawo suna faɗin sakamako a tsakar gida, a gaban surukai, abin da da Tabawa na raye sai ta riƙe baki. Wani lokaci nakan yi kewar kunyar gidanmu, yadda ake nuna ƙauna ba tare da an furta ba. Sai in tuna tambaya ɗaya Inna take bukata, ba wanda ya yi mata. Muna kallonta tana ciwo, mu kuwa murna muke yi.