Awakin da ke cikin takarda

"Baba, takarda ta ce kana da awaki arba'in," na faɗa wa wani tsohon makiyayi a Gugaram. Shekarar fari ce, kamfanin yuraniyom ya sallame mu, karɓar lampo, wato harajin dabbobi, kaɗai ke ciyar da iyalina.

Ya dubi akuya ɗaya da ta rage masa, ƙashi da fata.

"Ɗana, arba'in ɗin suna wurinku?"

"Suna cikin takarda, Baba."

"To madalla. Ku tatse su, ku cire lamponku, ku aiko mini da sauran nonon."

Na yi dariya har da hawaye, na koma Arlit ko dala ban karɓa ba, shugabana ya wanke ni tas.

Jama'a, wanda bai taya ka kiwo ba, yana da hakki a nononka? Me kuka gani?