Rigar mahaifina da liyafar kumandan jirgi

Shekaru masu yawa baya, ba a daɗe da ba mu mulkin kanmu ba, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tawa. Saurayi ne ni a lokacin, wando mai kari, takalmi sau-ciki, ga surutu kamar an kunna rediyo. Sai sunana ya fito cikin malaman da gwamnati za ta tura Faransa ƙarin ilimi na shekara guda. Ba ta sama za mu tafi ba, jirgin ruwa za mu shiga a Kwatano, mu yi kusan mako biyu a kan teku. Ni kuwa duk ruwan da na sani a duniya bai wuce tafkin damina ba.

An ba mu takarda mai jerin abin da za mu riƙa: kayan sanyi, katin allura, hotuna. A ƙasa kuma aka rubuta cewa a cikin tafiyar kumandan jirgin zai yi liyafar cin abinci da yamma, kowa ya zo cikin kwat da ɗaurin wuya, ko kuma cikin tufafin ƙasarsu. Ba ni da kwat. Na je wurin wani tela a kasuwa ya ce zai ɗinka mini, amma da na ga wadda ya ɗinka wa wani malami, kafaɗa ɗaya tana kallon gabas ɗaya tana kallon ƙasa, sai na yi masa godiya na fito.

Kafin tafiya na je ƙauyenmu, can wajen Takanamat, in yi sallama. Mahaifina manomi ne, ba shi da yawan magana, kuma tun da na fara koyarwa yake kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, rabi girmamawa rabi tsiya. Ya ce in karanta masa takardar kaf, ina juya masa ita da Hausa. Da na zo wurin tufafin ƙasa sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito rungume da adudunsa.

Na san abin da ke ciki. Rigarsa ce ta kore, wadda ya sayar da bijimi ya saya wurin fatake tun kafin a haife ni. Ga waɗanda ba su san kore ba, babbar riga ce da aka rina har ta yi baƙi wuluk, aka ɗora mata shuni aka buge ta a mabuga har tana ƙyalli. Ba a wanke ta, sai dai a shanya ta a inuwa, a turara, a ninke. Kuma tana zuba: in ka sa ta, wuyanka da hannuwanka sai su yi shuɗi. A wurinmu wannan ne adon. Sau biyu a shekara mahaifina yake sa ta, ƙaramar Salla da babba, kuma sai ya kwana biyu yana yawo da shunin a wuya bai dirje shi ba.

Ya ɗora ta a cinyata ya ce, "Mushe, ni dai Nasara bai taɓa ganina ba sai da warki, ina ɗauke da dutsi bisa kai wurin aikin hanya. Tsumma sunka sani gare mu. Tunda sun ce kowa shi zo da na gidansu, ka sa wagga ka zamna teburinsu, su gani muna da tuhwa."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Kak ka bari ruwa shi taɓa ta. Amma dai ka sa ta."

Na sake cewa to. A lokacin har zuciyata nake nufi.

Daga Tawa babbar mota ta kai mu Yamai, wata ta gangara da mu kudu, muka shiga jirgin ƙasa har Kwatano. Kwana ukun farko a kan teku ban san su ba, a kwance na yi su ina amai ina tuba daga zunuban da ban ma aikata ba. Ɗakinmu na mutum biyu ne, ni da wani malamin asibiti da ya zama abokina a hanya. Ya girme ni kaɗan, ya yi karatu a Dakar, ya san cokali mai yatsu da na kifi da na miya, don haka duk abin da ya faɗa game da Nasara nake ɗauka kamar karatun allo. Akwai kuma wani dattijo ɗan bakin teku mai gyara ɗakunan layinmu, mutum mai fara'a, shi ya riƙa kawo mini lemun tsami lokacin da nake kwance.

Ranar liyafar, bayan la'asar, na yi wanka na buɗe akwati na fito da rigar. Ƙamshin turaren gidanmu ya cika ɗakin. Na zura ta, na tsaya gaban madubi, kuma ba yabon kai ba, na yi kyau. Sai na kama murfin ƙofar kabad, farin fenti ne, yatsuna huɗu suka fito a jiki raɗau. Na ɗauki tawul in goge, tawul ya yi shuɗi. Na zauna bakin gado in yi tunani, da na tashi zanen gadon ma ya samu rabonsa.

Abokina yana tsaye yana ɗaura ɗaurin wuyansa, ya dube ni ta madubi ya ce, "Kai, da wannan za ka?"

Na ce, "Takarda ta ce tufafin ƙasa."

Ya ce, "Takarda ba ta ce ka rina musu jirgi ba. Ka san me ke can? Zanen tebur fari. Kumandan farare zai sa tun daga sama har ƙasa, matan da ke kusa da shi da farin safar hannu, kuma kowa sai ya ba shi hannu a bakin ƙofa." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, ba da wasa ba, "Ka san abin da za su ce? Za su ce baƙinka ne yake zuba."

Wannan maganar ce ta gama da ni. Na ga kaina ina miƙa hannu, na ga farin hannun riga ya ɓaci, na ji dariyar da ba a ma yi ba tukuna. Na cire rigar mahaifina da sauri kamar ta kama wuta, na jefa ta kan gado tare da tawul ɗin. Na dirje wuyana da hannuwana da sabulu har suka yi zafi. Abokina ya ara mini kwat ɗinsa ta biyu, wadda hannunta ya tsaya mini nesa da wuyan hannu, maɓallin kuma sai na riƙe numfashi yake shiga. Haka na tafi liyafar kumandan, kamar an ɗaure akuya za a kai kasuwa.

Abin da na tarar a can shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Akwai mutanen Senegal su biyar cikin manyan riguna suna jan ƙasa. Akwai wata mata da ɗaurin kallabinta ya kai kamu guda. Akwai wani tsoho daga Mali da baƙar riga rinanniya, ban san ko tana zuba ba, shi dai bai damu ya sani ba. Kumandan ya ba su hannu kamar yadda ya ba kowa, aka kai su tebur, aka zuba musu abinci. Ni ma an ba ni hannu. Babu wanda ya yi mini dariya, babu kuma wanda ya dube ni sau biyu. Na zauna ina gumi, ba na iya ɗaga hannu sosai don kada kwat ɗin mutane ta yage, ina leƙen abokina in ga wane cokali zai ɗauka.

Da muka koma ɗaki na tarar an canza zanen gado, an kawo sabon tawul, rigar kuma babu ita. Washegari da hantsi dattijon nan ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo da ita a ninke bisa hannu biyu, fuskarsa cike da murna. Ya ce ya ga rinin yana ɓata mini kaya, shi ya sa ya kai ta wurin wanki da kansa. Sau uku ya sa aka wanke ta da sabulu da ruwan zafi, sai da ruwan ya fita fari, sannan aka yi mata guga. Ya ce yanzu in sa ta hankali kwance, ba za ta ƙara ba ni kunya ba.

Na karɓa. Ƙyallin ya tafi, baƙin ya koma wani shuɗi-shuɗi mai toka, ta yi laushi kamar tsohon zane. Na so in yi faɗa, amma da wa? Mutumin alheri ya yi nufi, kuma ni na yar da ita a gado kamar kayan wanki. Na ce masa na gode. Abokina ya ɗauki hularsa ya fita shan iska.

Shekara guda rigar ta yi a ƙasan akwatina a Faransa. Da na dawo Tawa na fara kai ta marina a ɓoye. Tsohon marinin ya juya ta ya ce zai iya mayar da ita baƙa, amma mai ita zai gane tun daga bakin zaure, gara kada in haɗa ɓarna da yaudara. Na ga gaskiyarsa, na ɗauke ta na nufi ƙauye a yadda take.

Bayan an gama gaishe-gaishe mutane sun watse, na ajiye ta gaban mahaifina. Ya warware ta, ya goga gefenta a bayan hannunsa, ya duba hannun, babu komai. Na ba shi labarin dattijon da wankin, wannan kam ban rage ko kalma ba. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce, "Ƙaddara ta. Tuhwa na, ba rai ba." Na fara samun numfashi ke nan sai ya ɗago ya ce, "Amma kā sa ta? Sun gani?"

Na ce, "Na sa, Baba. Sun gani."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Ya ce alhamdu lillahi, ya ninke rigar ya mayar cikin adudu.

Da Salla ta zo ya sa ta a haka, koɗaɗɗiya, ya tafi idi. Duk wanda ya tambaye shi me ya sami korensa sai ya ce ai ta ƙetare teku, ta zauna tebur guda da kumandan jirgin Nasara. Labari kuwa ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Kafin Salla ta zagayo, a bakin mutanen garinmu kumandan har miƙewa ya yi tsaye da na shigo. Sai a juyo gare ni a ce, "Mushe, haka anka yi?" Ni kuma in yi murmushi in gyaɗa kai. Ina ba da labarin ƙanƙara, da jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa, da yadda suke cin kwaɗi, har mutane su gaji su tashi. Na liyafar kumandan kuwa ban taɓa buɗe baki na fara shi ba.

Sai da aka yi kaka huɗu ko biyar ina ɗauke da abin nan. Wata rana na je hutu, na same shi da rana a inuwar rumbu yana tufka igiya, babu kowa kusa. Na zauna na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in gaya muku. Rigar nan, ban sa ta ba. Tsoro na ji, na ari kwat."

Bai daina tufkar ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Ya ce, "Kai, Mushe? Kai da ba ka iya ganin baƙon tsuntsu ba ka tara mutane ba? Da kā sa ta, ai ba sai na tambaye ka ba. Tun daga tasha za mu jiyo ka."

Na ce, "To, don me kuke gaya wa mutane ta zauna da kumandan?"

Sai a lokacin ya ajiye igiyar ya dube ni. Ya ce, "Mutane sun ga ta tahi baƙa ta komo hwara, dole su yi tambaya. In na ce ɗana ya ji kumyar rigar ubanai, ina za ka sa kanka garin ga? Rigar ta riga ta lalace. Kai kau ina da sauran bukatarka."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba, ya ce in miƙo masa ruwa. Bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa.

Na shiga liyafa da yawa bayan wannan, wasu da kwat wasu da babbar riga, kuma na gane masu liyafar ba su cika damuwa da abin da ka sa ba, kai ne kake ɗauke da damuwar ka shiga da ita. Amma wannan ƙaramin darasi ne, kowa ma zai iya koyonsa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, shekarun nan duka ina tsammanin ni nake lallaɓa tsoho da ƙarya don kada ransa ya ɓaci. Ashe shi ne yake fita idi da koɗaɗɗiyar riga, yana faɗin abin da ya san ba a yi ba, don in iya shiga garinmu da kaina a sama. Yanzu na wuce shekarun da ya yi a duniya, ina da jikoki, amma in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.